Tambaya da Amsa: Alamar Mai Ba da Jini a Mota

Tambaya: Malam, ina ba da gudummawar jini. Zan iya rubuta haka a lambar motata don wasu su yi koyi? Daga wani direba, Mabera, Sakkwato.

Amsa: Allah ya saka da alheri, amma kada ka taɓa lambar. Ƙara rubutu a kanta zai haɗa ka da jami'an kiyaye haɗurra. A Amurka ma hukuma ce ke buga lambobi na musamman. Ka manna sitika a ƙasan gilashin baya, ka fara goge ƙura, in ba haka ba rana ta ɓamɓare ta. Wanda ya nuna sha'awa, gaya masa: sai mai aƙalla shekara 18 da nauyi aƙalla kilo 50, ana ɗibar kusan mililita 450, namiji duk wata uku. Kada ya je da yunwa, jiri zai ɗebe shi.