Me Ya Sa Dawakin Franz Marc Suka Zama Shuɗaye?

Tambaya: Malam, na ga hoton wani zane na Franz Marc mai ɗauke da dawaki uku shuɗaye a gaban jajayen tuddai. Shin mai zanen bai san launin doki ba ne, ko kuwa da wata manufa a ciki?

Amsa: Malama, ya san launin doki sarai, domin Marc, wanda aka haifa a birnin Munich na Jamus a 1880, ya daɗe yana nazarin ƙirar jikin dabbobi. Zanen da kika gani na 1911 ne, shekarar da shi da mai zane ɗan Rasha Wassily Kandinsky suka kafa ƙungiyar masu zane mai suna Der Blaue Reiter, wadda ta fi damuwa da abin da zuciya ke ji a kan abin da ido ke gani.

A wata wasiƙa da ya aika wa abokinsa August Macke a 1910, ya bayyana cewa shuɗi a wurinsa alamar namiji ce da ruhi, rawaya alamar mace ce da fara'a, ja kuwa shi ne abin duniya mai nauyi da ƙarfin tsiya wanda sai an yi kokawa da shi. Wannan rabo nasa ne shi kaɗai, kada a ɗauke shi dokar da ta hau kan kowane mai zane.

A ganina, wanda ya tsaya kan launi kawai ya bar rabin zanen. Ki sake duba yadda dawakin suka sunkuyar da kai, suka cure wuri guda har suka kusa cika allon, sannan ki lura cewa lanƙwasar gadon bayansu ita ce lanƙwasar tuddan da ke bayansu. Launi ya raba su da ƙasa, siffa kuma ta haɗa su da ita. Babu ɗan Adam ko ɗaya a ciki, kuma da gangan ne, saboda Marc ya ɗauki dabba a matsayin halitta da ta fi mutum tsarki.

Wannan natsuwa ba ta daɗe ba. A 1913 ya yi wani zane mai suna Makomar Dabbobi, da layuka masu kaifi da suka tsattsaga daji, da wata shuɗiyar barewa da ta ɗaga wuya a tsakiyar halaka. An kashe Marc a fagen daga a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kusa da garin Verdun na Faransa a 1916, yana ɗan shekara 36.