Amsa ga mai tambaya kan wayar biya kaɗan-kaɗan da layin da zai riƙe a ƙasar Dandi

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka tun jiya da daddare, na bari sai da na samu natsuwa don kada in ba ka guntuwar amsa. Ka ce an tura ka koyarwa wani ƙauye ta wajen Kamba, hedkwatar ƙaramar hukumar Dandi a jihar Kebbi, wayarka ta mutu, wani shago a Birnin Kebbi ya ce ka kawo kafin alƙalami ka ɗauki sabuwa ka riƙa biya duk wata. Yayanka da ke Ingila kuma yana ƙarfafa maka gwiwa, wai su ma haka suke yi, kwantiragi suke shiga a ba su waya. Sannan kana son sanin layin da za ka saka mata.

Ni sana'ata sayen shinkafa shanshera. Ina yawo tsakanin Jega, Bunza, Argungu da Kamba, kuma rabin cinikina ta waya nake yi. Na taɓa ɗaukar irin wannan wayar, don haka abin da ya same ni zan gaya maka.

Abin da yayanka yake faɗa gaskiya ne, amma ba abu ɗaya kuke magana a kai ba. A can kamfanin layi ne da kansa yake ba ka waya, ya haɗa maka da kira da data, ka sa hannu cewa za ka zauna da shi, galibi wata 24, ana cire kuɗin daga asusunka na banki. Idan sun rage maka kuɗin wayar, sun san za su fanshe a kuɗin watan da ka ɗaure kanka da shi. Mu nan kusan kowa kati yake sakawa kafin ya yi kira. Wanda yau yana wannan layi, gobe ya cire sim ya jefa a aljihu, wane kamfani zai yi masa rangwamen waya? Abin da shagon nan ya nuna maka bashi ne. Wani kamfanin ba da lamuni ne zai biya mai shago kuɗinsa, kai kuma ka koma biyan kamfanin da ƙari, data da kira kuma kana saye daga aljihunka kamar kullum.

A 2024, bayan faɗuwar naira ta sa kuɗin waya ya yi tashin gwauron zabo, gilashin wayata ya fashe ana tsakiyar kaka. Jarina duk yana cikin buhuna, ban so in taɓa shi. Wayar da na gani lakadan naira 120,000 ce. Yarinyar da ke cike takarda ta ce in ba da 36,000, sauran kuma 19,000 duk wata har wata shida. Kunnena 19,000 ɗin kawai ya ji. Sai da na koma gida ɗana ya ɗauki biro ya lissafa mini: 114,000 a tara da 36,000, ya kama 150,000. Na ƙara dubu talatin ke nan a kan kuɗin wayar. Wannan bai dame ni sosai ba, domin wanda ya jira ka wata shida dole ya ci wani abu. Abin da ya dame ni daga baya ya zo.

Kafin su miƙa maka wayar suna saka mata wata manhaja da ba ta goguwa. Ranar biya in ta wuce, wayar kulle kanta take yi. A wata na huɗu ranar biyana ta same ni a wani ƙauye bayan Bunza, inda sai ka hau tudu kake samun sabis. Na bayar da kuɗi wurin mai POS a kan hanya, ya tura, ya ba ni rasit, amma biyan bai shiga wurinsu ba sai bayan kwana biyu. Washegari ina kasuwar Jega, an loda wa wani mutumin Kano buhu arba'in, ya ce ya turo kuɗi in duba. Na ciro waya, ba abin da ke kan gilashi sai rubutun cewa in biya bashina. Ba na iya buɗe manhajar banki, ba na iya ganin saƙo. Direba yana hura mini wuta zai tashi, mutumin Kanon yana kallona, ni kuma ina tsaye da waya a hannu kamar dutse. Sai da na cire sim ɗin na saka a ƙaramar wayar wani ɗan dako sannan na ga alat. Da yamma kuma surukina ya kira ni, murya ƙasa-ƙasa, yana tambaya ko lafiya, wai wasu sun buga masa sun ce ana bina bashi. Lambarsa na bayar a matsayin wanda zai tsaya mini, ban yi tunanin za a kai ga haka ba. Har yau in na tuna wannan kiran sai raina ya sosu.

Kai ma'aikaci ne, ka fi ni sanin cewa albashi yakan makara, ita kuwa manhajar ba ta san uzuri ba. Shi ya sa ni shawarata, in za ka iya, ka sayi ƙaramar waya mai madanni ka lallaɓa da ita wata uku ko huɗu, ka shiga adashi da abokan aikinka, ka sayi babbar lakadan. In kuwa aikin ba zai yiwu ba sai da babbar waya yanzu, to kafin ka sa hannu su rubuta maka jimillar kuɗin gaba ɗaya, ka ji ko akwai tara idan ka makara, kwana nawa suke ɗaga ƙafa kafin kullewa, kuma in ka biya da wuri ko za a rage maka. Ka roƙi a sa ranar biya ta faɗo mako guda bayan lokacin albashi. Maganar tarar makara kuma ka kai ta gaban malaminka kafin ka shiga, domin a nan ne zancen riba yake shigowa, kuma ba abin wasa ba ne.

Idan yayanka ya ce zai aiko maka da waya daga can, ka karɓa da godiya. A Ingila tun Disambar 2021 aka hana kamfanoni sayar da waya a kulle da layi ɗaya. Waɗanda ake kawowa daga Amurka ne ake yawan samun masu kulle, ko waɗanda ba a gama biyan kuɗinsu ba. Duk wayar hannu da za ka saya, ka saka sim ɗinka a gaban mai ita, ka yi kira, ka buɗe data, ka danna *#06# ka ga lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ta dace da ta jikin kwali ko rasit.

Sai maganar layi. MTN ya fi kowa yawan masu amfani a Najeriya, Airtel na bi masa, Glo kuma tun zuwansa a 2003 da lissafin kira daƙiƙa-daƙiƙa aka san shi da neman sauƙaƙa farashi. Amma duk wannan ba zai gaya maka abin da ke kamawa a ɗakin da za ka kwana ba. Na san ƙauyen da layin da kowa ke yabo ba ya ko motsi, wanda aka raina kuma shi ne cike. Kada ka yanke hukunci daga Birnin Kebbi. Ka bari sai ka isa, ka nufi rumfar mai POS ka tambaye shi wane sim ne a cikin na'urarsa, domin shi da sabis yake cin abinci, ba zai riƙe layin da ke ba shi kunya ba. Ka tambayi mai cajin waya ma. Sannan ka sayi data ta kwana ɗaya ka gwada a ɗakinka da cikin aji, da safe da kuma bayan isha'i lokacin da kowa ya hau intanet. Tun da NCC, hukumar kula da sadarwa ta Najeriya, ta amince da ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, sayen data ta wata guda a layin da ba ka gwada ba asara ce mai zafi.

Ni sim biyu nake riƙewa, ɗaya na banki da kira, ɗaya na data. Yana taimako, sai dai ba kullum ba, saboda kamfanoni da yawa ƙarfen sabis ɗaya suke haya. Idan man janareton wannan ƙarfen ya ƙare, su biyun tare suke ɗaukewa.

Akwai abin da ya shafi inda za ka musamman. Kamba bakin iyaka ce, Gaya ta Nijar ba nisa. A wasu wuraren sabis ɗin Nijar ya fi namu ƙarfi, waya kuma in an bar ta ta zaɓa da kanta sai ta tsallaka, a riƙa cajinka kamar wanda ya fita ƙasar waje. Na taɓa saka katin dubu biyu da safe, kafin azahar ya ƙare a kira uku, ina zaune a ƙasarmu ban taka ko'ina ba. Ka shiga saitin wayar ka zaɓi layinka da hannu, ka kashe romin na data, wato abin da ke barin wayar ta hau intanet da sabis ɗin wata ƙasa.

Kada kuma tsoron rasa lambarka ya ɗaure ka a layin da ba ya yi maka aiki. Tun 2013 ana iya komawa wani kamfani da lamba ɗaya. Ofishin sabon kamfanin za ka je da NIN ɗinka, su sa ka tura PORT zuwa 3232, ba a biyan ko sisi. Ka dai cinye katinka da datarka tukuna, don ba sa bin ka. In ana cire maka kuɗi ba dalili ka kai ƙara wurin kamfanin ba su saurare ka ba, lambar ƙorafi ta NCC ita ce 622.

Wayar kanta, ka nemi mai 4G, mai ɗaukar sim biyu, mai batir babba, don wuta a can sai a hankali. Kada a ɗora maka kuɗin 5G. Ka ɗauki irin wadda in gilashinta ya fashe mai gyara zai samo maka a Birnin Kebbi ko Jega ba sai an aika Kano ba, irin su Tecno, Itel da Infinix.

Ka faɗa mana sunan ƙauyen da aka tura ka. Akwai mutanen ƙasar Dandi a cikinmu, wataƙila wani ya gaya maka layin da ke kamawa a can tun kafin ka hau mota. Allah ya sa ka fara aikin a sa'a.