Ƙananan rukunan jami'o'in Amurka sun cancanci shiga wasannin fidda gwani?

Tambaya: Ina bibiyar ƙwallon Amurka ta jami'o'i, wadda ake ɗauka a hannu a gudu da ita. Ina jin masu sharhi na cewa ba wa ƙananan rukunai kamar Mountain West da Sun Belt gurbi a manyan wasannin ƙarshen kaka ɓata lokaci ne, tun da kashi suke sha. Sun cancanta kuwa?

Amsa: Malam, sun cancanta. Amma masu wancan zance ba ƙarya suka shirga gaba ɗaya ba. Da Cincinnati, wadda a lokacin take ƙaramin rukuni, ta shiga cikin huɗun ƙarshe a kakar 2021, Alabama ta lallasa ta da maki 27 da 6. Bayan an faɗaɗa gasar zuwa ƙungiyoyi 12 a 2024, Penn State ta fitar da Boise State, zakarar Mountain West, da 31 da 14. Sai dai manyan ma suna shan irin wannan duka: Georgia ta yi wa TCU, jami'ar da ke babban rukunin Big 12, 65 da 7 a wasan ƙarshe na kakar 2022, ba wanda ya ce a rufe wa rukunin Big 12 ƙofa.

Wanda ya kalli babban wasan ƙarshen kaka na Fiesta Bowl na ranar 1 ga Janairun 2007 ba zai manta ba. A ƙarin lokaci, Boise State tana bayan Oklahoma da maki ɗaya, ta ƙi neman kunnen doki. Mai jifanta ya yi kamar zai wurga ƙwallo dama, ya ɓoye ta a bayansa da hannun hagu, mai gudu ya zare ta ya shige. Aka tashi 43 da 42. Utah ma, tana rukunin Mountain West a lokacin, ta doke Alabama 31 da 17 a Janairun 2009.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne na UCF (Jami'ar Central Florida) a 2017. Ta ci duk wasanninta 13, har da Auburn, wadda a wannan kakar ta doke Alabama da Georgia, su biyun da suka buga wasan ƙarshe. Amma tun kafin wasan Auburn, kwamitin da ke zaɓen huɗun ƙarshe ya bar ta a waje, ya ce ba ta kara da manya ba. To ina za ta same su? Manyan ne ke tsara jadawalinsu, kuma sun fi son biyan ƙaramar makaranta kuɗi ta zo gidansu a kan su je nata filin. Ka hana mutum jarrabawa, sannan ka ce ba shi da takardar shaida.

Ga kuma wani abu da ke rage wa ƙananan ƙarfi. Duk wadda ta yi fice sai manya su ɗauke ta: Utah ta koma babban rukunin Pac-12 a 2011, UCF da Cincinnati suka shiga Big 12 a 2023. 'Yan wasan da suka haskaka su ma yanzu suna sauya makaranta zuwa inda kuɗi yake. Don haka nake ganin gurbin da tsarin ƙungiyoyi 12 ya ware wa zakarun rukunai biyar mafi matsayi a 2024 bai kamata a taɓa shi ba, ko da manyan rukunan SEC da Big Ten sun matsa lamba a ƙara musu kujeru.