Amsa ga Yaya a Kano: Hokin Ƙanƙara da Yaranmu na Calgary

Yaya, bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga tambayarka game da hoton da na turo na ɗanka sanye da hular kwano da takalmi mai ƙarfe a ƙasa, inda ka ce ba ka gane dalilin da zai sa Bahaushe ya tashi yaro da asuba cikin sanyin Kanada don ya je ya yi ta sulɓi a kan ƙanƙara ba. Tambayar tana kan hanya, kuma hanya mafi sauƙi ta amsa ta ita ce in ba ka labarin mutumin da yaranmu suke koyi da shi, wato Jarome Iginla, tsohon ɗan wasan hokin ƙanƙara.

An haife shi a Edmonton a shekarar 1977. Mahaifinsa Bayarbe ne daga Najeriya, mahaifiyarsa kuwa Ba'amurkiya ce, kuma a garin St. Albert ya girma a hannunta da na kakanninsa. Wasan da ya zaɓa, hoki, mutum shida-shida ne suke buga shi, har da mai tsaron gida, suna korar wani ɗan faifan roba mai tauri da sanda, a zango uku na minti ashirin-ashirin. Gudun da ake yi ya kai yadda ɗan wasa ba ya cika yin fiye da minti ɗaya a fili ba tare da an canje shi ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu mu iyaye shi ne farkon tafiyarsa. Yana da shekara 16 ya bar gida zuwa Kamloops, a wani lardin daban, ya shiga ƙungiyar matasa ta Blazers, wadda ya ci Kofin Memorial, babban kofin hokin matasa na Kanada, da ita a 1994 da 1995. Al'adar wasan a nan ita ce yaron da ya kai wannan mataki a damƙa shi ga wani gida a garin da ƙungiyar take, su ciyar da shi, ya kwana a wurinsu, ya je makaranta daga can. Mu da muka san riƙo, abin bai zame mana baƙo ba, amma a gida ƙanwar uba ko kawu ake ba wa yaro, a nan kuwa mutanen da ba ka taɓa gani ba ne. Duk lokacin da muka zauna bayan sallar Juma'a maganar ta taso, abin da ake tambaya shi ne wa zai kula da abincinsa, wa zai tashe shi sallah, ya zai yi da azumi idan Ramadan ya faɗo a tsakiyar kakar wasa. Ni dai ina ganin wannan damuwa ta halatta, kuma ba na ganin laifin uban da ya ce a nan ɗansa zai tsaya.

Ƙungiyar Dallas ce ta zaɓe shi a 1995, a matsayi na 11, amma kafin ya buga mata ko wasa ɗaya a babbar gasar NHL ta yi musayarsa da Calgary Flames. A kakar 2001 zuwa 2002 ya zura ƙwallo 52, ya tara maki 96 (ƙwallayen da ya ci haɗe da waɗanda ya taimaka aka ci), ya zama baƙar fata na farko da ya fi kowa maki a gasar. A 2002 ɗin ya ci biyu a wasan ƙarshe na Olamfik da Kanada ta doke Amurka da ci 5 da 2, sannan a Olamfik na Vancouver a 2010 shi ya miƙa wa abokin wasansa Sidney Crosby ƙwallon da ya kawo wa Kanada zinare. Ya zama kyaftin ɗin Flames a 2003, ya kai su wasan ƙarshe na Kofin Stanley, kofin zakarun NHL, a 2004, Tampa Bay ta doke su a karawa ta bakwai. Ya yi Pittsburgh da Boston da Colorado da Los Angeles yana neman kofin, Allah bai nufe shi da shi ba. Ya yi ritaya a 2018 da ƙwallo 625 da maki 1,300, kuma a 2019 Flames ta ajiye lambarsa ta 12, babu wanda zai ƙara sa ta.

Wasan yana cin kuɗi ƙwarai, domin ƙafar yaro tana girma kowace shekara, takalmin kuma ba arha ba ne. Shi kansa Iginla ya san da haka, shi ya sa ya riƙa ba da gudummawa ga KidSport, mai biya wa yaran marasa ƙarfi kuɗin wasanni, a kan kowane ƙwallo da ya ci. Mu ma a tsakaninmu kayan yaron da ya girma sukan koma gidan wanda ke tasowa, kuma mukan yi karɓa-karɓa wajen kai su atisaye. Ran Asabar nakan durƙusa a ɗakin canja kaya in ɗaure wa ɗanka igiyar takalmi, yatsuna sun ƙage don sanyi, shi kuma yana maimaita mini haddar da zai biya wa malaminsu na Islamiyya da hantsi. Shekararsa tara yanzu, kuma sharaɗin da ni da mahaifiyarsa muka kafa masa shi ne duk makon da ya yi fashin Islamiyya, sandarsa za ta kwana a bayan mota.