Tambayoyinku: Da Gaske Ne Bishiyar Gahawa Na Neman Ƙarewa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ni malamin darasin noma ne a wata makarantar sakandare a Gombe. Na ji a rediyo an ce an sa bishiyar gahawa cikin tsirran da ake fargabar ƙarewarsu, sai abin ya ɗaure mini kai, domin babu mai shayin da za ka je teburinsa ka rasa gwangwaninta. Ta yaya abin da ya cika kasuwa zai zama abin da ake tsoron ɓacewarsa? Ɗalibaina sun tambaye ni, ban sami abin faɗa musu ba.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, kunnenka bai yi maka ƙarya ba, amma wadda ake magana a kanta ita ce gahawar daji, uwar wadda ake nomawa, wadda ke fitowa da kanta ba tare da kowa ya shuka ta ba. Masana suna kiranta Coffea arabica. Garin da ke cikin gwangwanin mai shayi kuwa yawancinsa daga wani nau'i ne daban mai suna robusta, wanda ya fi jure zafi, ya kuma fi ɗaci.

Duk da sunanta yana nuni da ƙasar Larabawa, asalin arabica kurmin duwatsun kudu maso yammacin Habasha ne, sai ɗan abin da ake samu a tsaunin Boma na Sudan ta Kudu. Ƙaramar bishiya ce da ke rayuwa a inuwar manyan itatuwa, a tsaunukan da tsayinsu ya kama daga mita 1,000 zuwa 2,000, inda ruwan sama ya wadata, matsakaicin zafin shekara kuma bai cika wuce digiri 22 ba. Ganyenta kore ne shar mai sheƙi, furenta fari ne mai ƙamshi, 'ya'yanta kuma sukan yi ja idan sun nuna, kowane ɗa da ƙwaya biyu a cikinsa, kuma takan shekara uku zuwa huɗu kafin ta fara haihuwa. Da za ka kawo ta Gombe a watan Afrilu, da ba ta kai labari ba.

A shekarar 2019 masu bincike na lambun tsirrai na Kew da ke Landan suka fitar da sakamakon nazarin nau'o'in gahawar daji 124, suka ce kashi 60 cikin ɗari suna fuskantar barazanar ƙarewa, ita ma arabica ta daji tana cikinsu. Dalilan ba baƙi ba ne a wurinmu: sare kurmi domin gona da itacen girki, kiwo, da ƙaruwar zafi da ke tura bishiyar ta ƙara hawa sama, alhali kowane dutse yana da iyaka.

To, me zai dame mu idan gonaki suna nan cike? A nan gizo ke saƙar. Kusan duk arabicar da ake nomawa a Burazil da Kolombiya da sauran ƙasashe ta fito ne daga 'yan tsirarun itatuwa da aka kwasa daga Yaman ƙarnoni da suka wuce, kuma da yake bishiyar takan yi wa kanta barbara, zuriyarta duk kusan jini ɗaya ce. Kai da kake koyar da noma ka san abin da ke faruwa idan ƙauye gaba ɗaya ya shuka irin gero guda, cuta ɗaya kuma ta shigo. An ga haka a tsibirin Silon, wato Siri Lanka ta yau, inda cutar tsatsar ganye ta bayyana a 1869, ta bi gonakin gahawa ta lalata su cikin kimanin shekara ashirin, har manoman suka koma shuka ganyen shayi. Itatuwan kurmin Habasha kuwa sun bambanta da juna, wani yana jure cuta, wani yana jure fari, kuma daga cikinsu masana ke zaɓo irin da za su gyara na gona da shi. Sa'ad da cutar 'ya'yan gahawa ta shiga Habasha a farkon shekarun 1970, daga itatuwan ƙasar ne masu binciken noma na garin Jimma suka tace waɗanda cutar ba ta cin su, suka raba wa manoma.

Wataƙila wani ɗalibinka zai ce a tara irin a ajiye, kamar yadda ake yi wa dawa a rumbu. Tambaya ce mai kyau, amma ƙwayar gahawa ba ta da haƙurin dawa, domin idan aka busar da ita sosai aka sa ta a sanyi mai tsanani, ba ta daɗewa take mutuwa. Saboda haka dole a riƙe ta a raye, ko a gonakin bincike masu cin kuɗi, ko a cikin kurminta. Wannan ne ya sa a 2010 hukumar UNESCO ta amince da kurmin Kafa da na Yayu a Habasha a matsayin wuraren da ake karewa, inda aka hana taɓa tsakiyar dajin, aka bar mazauna su ci gaba da tsinkar gahawa da kiwon zuma a gefensa. A ganina wannan tsarin ya fi kore mutane da bindiga, domin wanda yake cin abinci daga kurmi ba zai so a sare shi ba.

Idan kana son ɗalibanka su ga irin wannan kurmi da idonsu, ba sai sun je Habasha ba. A tsaunin Mambila na Jihar Taraba akwai gandun dajin Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa, wanda yake cikin 'yan kurmin duwatsu da suka rage a Nijeriya, kuma ɗaliban Jami'ar Jihar Gombe sun sha zuwa can yin bincike. Gobarar da ake cinna wa ciyawa da rani da shigar shanu ne suke cin bakin dajin, suna kashe ƙananan itatuwan da ke ƙoƙarin tasowa. Idan za ku je, ku shirya tafiyar da rani saboda hanya, kuma kowa ya riƙe rigar sanyi.