Tambaya da Amsa: Yanzu sai abin da Trump ya ga dama?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ga shekarar 2024 tana ƙarewa, ana ta cewa masu ra'ayin riƙau sun yi kaka-gida a Amurka. Ko akwai abin da zai taka musu birki? Mai karatu daga Gusau.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Nasara kam sun yi ta. A zaɓen 5 ga Nuwamba, Donald Trump ya samu ƙuri'un wakilan zaɓe 312, Kamala Harris 226. Jam'iyyarsa ta Republican ta ƙwace Majalisar Dattawa da kujeru 53 cikin 100, ta kuma riƙe Majalisar Wakilai da 220, 'yan Democrat sun samu 215.

Sai dai gizo yana saƙar ne a ƙa'idar Majalisar Dattawa. Yawancin ƙudurori ba sa kaiwa ga ƙuri'a sai sanatoci 60 sun amince a rufe muhawara, ka ga suna da giɓin 7. Inda rinjaye kaɗai ya isa shi ne tabbatar da ministoci da alƙalai, da kuma wata hanya ta musamman da aka keɓe wa haraji da kashe kuɗin gwamnati. A ganinmu alƙalan ne babbar ribar, domin alƙalin tarayya ba shi da wa'adi.

A Majalisar Wakilai kuwa, bisa wannan sakamakon zaɓen, idan 'yan Republican uku kacal suka juya baya, ƙuduri ya faɗi 217 da 218. Abin sa ido a ƙarshen 2024 shi ne rangwamen harajin da Trump ya sa wa hannu a 2017, wanda tun farko aka tsara babban ɓangarensa zai ƙare a ƙarshen 2025.