Amsa ga ɗan'uwan da ke son hawa Filato a keke

Ɗan'uwa, ka ce kana so ka taso daga Akwanga ka hau Jos, ka wuce Pankshin a keke, kana tambaya ko ƙafarka za ta iya hawan. Na yi wannan tafiyar, zuwa da dawowa, cikin sanyin Disamba. Za ta iya, in sha Allahu. Ni abin da nake jiye maka shi ne gangara.

Hawan Kibo, bayan ka wuce ruwan Assop kafin Riyom, shi ne inda hanya ke miƙewa sama. Da keke mai giya ka sa mafi sauƙi ka riƙa murzawa a hankali, in ta ƙi ka sauka ka tura, ba abin kunya ba ne. A dawowa ne na ga tashin hankali. Na danne birki tun daga sama ban saki ba, kafin tsakiyar gangarar na ji ƙaurin roba, na taɓa wilin baya sai da na yarfe hannu don zafi. Ga kaya a kariya suna tunkuɗa ni, ga tirela a bayana tana nishi. Don Allah ka sa sabuwar robar birki kafin ka tashi, ka riƙe wata a jaka. Ka riƙa matsawa kana saki, gaba da baya tare, ka tsaya lokaci-lokaci wili ya huce. In ka ji babbar mota, ka ba ta hanya tun da wuri, don wurin ya ci rayuka.

Jos tana kan tudun da ya kai kusan mita 1,200, saboda haka sanyin asuba ba irin na Akwanga ba ne. Yatsuna sun ƙi kama birki sai da na sayi safar hannu a Bukuru.

Daga Jos ta Mararrabar Jama'a, Heipang, Barkin Ladi, Mangu, Panyam har Pankshin, kimanin kilomita 120 ne. Ka raba shi kwana biyu, ka kwana Mangu. Hanyar hawa da sauka ce ba iyaka, ga gidaje kewaye da shingen ƙyarana, ga gonakin dankalin Turawa. Kududdufan da haƙar kuza ta bari suna da kyan gani, amma suna da zurfi, kada ka shiga wanka. Faci, famfo da man sarƙa su kasance a jikinka, mai gyara yana da nisa tsakanin gari da gari.

Sai maganar tsaro. Yankunan Riyom, Barkin Ladi da Mangu sun sha fama da rikici. Ka tambayi direbobi a tasha kowace safiya kafin ka hau, ka riƙe katin shaida saboda shingayen jami'an tsaro, kuma la'asar ta same ka a masauki. Idan ka samu abokin tafiya, ku tafi ku biyu.